Marsandi Ta Tsufa, Kuɗin Gyaranta Bai Tsufa Ba

Duk wanda ya taɓa ratsa unguwar makanikai ta Apo a Abuja, ko Panteka a Kaduna, ko Ƙofar Ruwa a Kano, ya san wani sahu da ba a rasa shi a bayan kowane babban gareji. Can ne ake jere motocin da aka fid da rai da su, an cire tayoyi an ɗora su bisa duwatsu, ƙura ta rufe gilashi har yaran gareji suna rubuta sunayensu da yatsa. Ƙananan motocin haya ba su cika daɗewa a wannan sahu ba, domin su ko da safe suka mutu, kafin la'asar an tashe su, kayansu na nan birjik kuma da araha. Masu kwana a nan su ne manya: Marsandi, da BMW, da Range Rover, kujerun fata ko ƙwarzane babu, fenti kuwa in an goge sai ka ga fuskarka. In ka tambayi mai gareji abin da ya same su, amsar ba ta cika wuce ɗaya ba: "Inji ne ya buga, ranka ya daɗe. Alhajin ya ce a jira shi ya haɗo kuɗi." Jiran nan kuwa yakan kai damina biyu.

Abin da nake so mu duba a wannan mako ke nan, jama'a, domin ya ci giratutin mutanen kirki da yawa, kuma lissafinsa gajere ne. Kuɗin mota yana sauka kowace shekara, kuɗin gyaranta kuwa yana nan daram inda masana'anta ta ajiye shi ran da aka ƙera ta. Motar da aka sayar dala 50,000 tana sabuwa, ko da yau an ba da ita a kuɗin tsohuwar Corolla, fistan ɗinta da famfon manta da kwamfutarta duk na motar dala 50,000 ne. Mutanen da sun san wannan a kan doki. Ingarman da sarki ya gama hawa ya tsufa ana iya samunsa a kuɗin jaki, amma cikinsa bai san an rage masa daraja ba. Dawarsa da harawarsa da kanwarsa sai an ba shi cif-cif kamar ran da yake ɗaure a bargar fada.

Sunan da Marsandi ta yi a ƙasar nan ba a banza ta yi shi ba. Bayan da aka buɗe masana'antar harhaɗa Fijo a Kaduna cikin 1975, sai 504 ta zama motar ma'aikacin gwamnati, Marsandi kuwa ta zama ta sarki da attajiri da babban ɗan kwangila. Samfurin da Jamusawa ke kira W123, wanda aka ƙera daga 1976 zuwa 1986, an yi wajen guda miliyan 2.7, kuma ya daɗe yana aikin tasi a Maroko bayan tsararrakinsa sun zama tarihi. Gangar injinsa zubin baƙin ƙarfe ce, babu kwamfuta, kuma makanikin da ke da sufana da kunne mai kyau yana iya buɗe shi a gindin bishiya ya mayar. Akwai wani direban tasi a birnin Tasalonika na ƙasar Girka wanda ya yi tafiyar kilomita miliyan 4.6 da wata 240D ƙirar 1976, daga samfurin da W123 ta gada, har a 2004 aka ajiye ta a gidan tarihin kamfanin a Jamus. Masu ba da wannan labari sukan manta da rabinsa, watau an sha sauke wa motar inji ana gyarawa ana ɗora wani. A ƙarshen 1984 kuma aka fito da W124, wadda muke kira V-Boot, ita ma ta riƙe sunan gidan.

To, daga Satumban 1986, sa'ad da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta buɗe kasuwar canji ta biyu a ƙarƙashin shirin SAP, naira ta karye, sabuwar mota ta fi ƙarfin mai albashi, aka koma gwanjon Turai da Amurka. Tokumbo, Beljiyom, 'yar Kwatano, duk sunan abu ɗaya ne. Yaron da ya tashi yana ganin Marsandin maigidan unguwarsu, yau ya yi ritaya, kuɗi sun shigo hannunsa a dunƙule karon farko a rayuwarsa, ga dillali yana nuna masa tauraron nan mai ƙafa uku a farashin da bai taɓa zato ba. Tauraron dai shi ne. Abin da ke ƙarƙashin bonet kuwa wata halitta ce dabam.

Mu ɗauki E350 ƙirar 2006, domin irinta sun cika wuraren sayar da motoci daga Ikko har Maiduguri. A Amurka an sayar da ita wajen dala 50,000, da garantin shekara 4 ko mil 50,000. Mai ita na farko yakan rabu da ita da garanti ya ƙare, don ya san abin da ke tafe. Na biyu ya mora, ya yi gyare-gyaren da suka kama. Na uku shi ne wanda ya fara jinkirta juye, ya ga fitilar gargaɗi ya kau da kai, har ran da wani gareji ya yi masa lissafin da ya fi kuɗin motar, sai ya tura ta gwanjo. Daga nan sai jirgin ruwa, sai Tin Can ko Kwatano, sai wanki da man goge fenti. Mutuminmu shi ne na huɗu ko na biyar, kuma duk gyaran da na uku ya gudu ya bari yana cikin motar, an yi masa kwastan tare da ita.

Ga kuma maganar maleji. Motar Amurka da mil take ƙirga, ba da kilomita ba. In ka ga 150,000 a allon gaban direba, to kilomita 241,000 ke nan, kamar a ce an yi tafiya daga Ikko zuwa Kano sau ɗari biyu da ɗoriya. Wannan fa in lambar gaskiya ce. Mayar da maleji baya a motocin zamani aikin 'yan mintoci ne ga mai na'ura, kuma ba a ga alamar sukuddireba.

Mene ne ma bugawar inji? Mutane da yawa suna faɗin kalmar, ba su san abin da ya faru a ciki ba, shi ya sa ake cutarsu sau biyu, wajen saye da wajen gyara. A ƙasan inji akwai wani sandan ƙarfe mai gwiwoyi, karanshaf, wanda fistan ke turawa yana juyawa. Yana kwance ne cikin wasu 'yan ɓawon ƙarfe masu laushi da makanikai ke kira metal. Tsakanin karanshaf da metal akwai tazarar da ba ta kai kaurin silin gashi ba, kuma famfon mai yana cusa baƙin mai cikin tazarar nan da ƙarfi, ta yadda ƙarfe ba ya taɓa ƙarfe ko kaɗan. In allurar inji tana kan 3,000, karanshaf yana juyawa sau 50 ke nan a daƙiƙa ɗaya, yana shawagi bisa wannan ɗan siririn mai. Ran da man ya yanke, ko don ya ƙare, ko ya tsinke, ko datti ya toshe masa hanya, cikin ƙiftawa da bismilla metal ya narke ya manne. Ƙwanƙwasar nan da direba ke ji kamar ana buga ƙofa daga cikin inji, ƙarar konrod ce tana dukan karanshaf a wurin da metal ya cinye. In aka ci gaba da tafiya, konrod yakan tsinke ya fasa gangar inji ya leƙo waje, kuma daga nan babu sauran maganar gyara.

Tsufa shi kaɗai yana kai inji bakin wannan rami a hankali. Ringi yakan saki, inji ya fara shan mai yana fitar da shuɗin hayaƙi. Robobin da ke tare mai sukan bushe su tsage. Bututan ruwa da masana'antun zamani ke yi da roba mai tauri sukan gasu shekara goma sha biyar har su zama kamar ƙanzo, su fashe ba sallama a tsakiyar hanya. Amma tsakani da Allah, mu ma muna taimaka wa tsufan. Injin E350 ɗin nan yana shan wajen lita 8 na baƙin mai, ninkin na Corolla, kuma mai na musamman ne, marar kauri, wanda kamfanin ya rubuta lambarsa a littafin motar. Da maigida ya ji kuɗin juye ɗaya, sai makanike ya kwantar masa da hankali: "Yallaɓai, wancan na ƙasar sanyi ne. Nan zafi muke da shi, mai kauri ya fi." Sai a zuba 20W-50 irin na Fijo, mai da ba ya saurin isa ƙananan hanyoyin da aka haƙa don siririn mai, musamman da asuba lokacin hunturu. Wannan ma in an yi sa'a ba jabu ba ne, domin tsohon mai da aka tace aka ɗura cikin sabuwar jarka ba baƙo ba ne a kasuwanninmu.

Sai kuma tamostat, wanda na rasa laifin da ya yi wa makanikan ƙasar nan. Da mota ta sauka daga jirgi, abin da ake fara yi mata shi ne a cire shi a jefar, a haɗa fanka kai tsaye, wai don kada ta yi obahitin. Alhali injin an ƙera shi ne ya yi aiki a zafin digiri 90 zuwa 100. In ba ya kaiwa nan, kwamfuta tana ɗauka har yanzu bai ɗumama ba, sai ta dinga ƙara fetur, rarar fetur ɗin ta wanke man da ke jikin silinda, ta gangara ta tsinka wanda ke ƙasa. Lagireto kuwa a cika shi da ruwan rijiya, ya yi ta cin alminiyon daga ciki. Ƙara da ƙurar hunturu mai ratsa tsohuwar filta, da awa uku a cunkoson Ikko ko na Mararaba inji yana aiki maleji yana tsaye, da fetur ɗin da ba kullum ake sanin asalinsa ba. Mai karatu zai tuna Fabrairun 2022, lokacin da aka shigo da fetur mai yawan sinadarin metanol har hukumomi suka janye shi daga kasuwa, bayan ya riga ya shiga tankuna.

Akwai kuma ciwon da mota ke zuwa da shi daga gidan ubanta. Injin nan mai silinda shida da ke cikin E350 na farko-farko da wasu ML350, wanda ake kira M272, ya fito a 2004. A cikinsa akwai wani sanda da aikinsa shi ne hana inji girgiza, sarƙar inji ce ke juya shi ta kan wani ɗan gargare mai haƙora. A injinan shekarun farko ƙarfen gargaren nan bai yi taurin da ya kamata ba, sai haƙoran su cinye, sarƙa ta saki, lokacin buɗewar bawul ya goce, garin ƙarfe ya bi mai. Gargaren kansa ɗan abu ne da zai zauna a tafin hannu, amma ba a isa gare shi sai an sauke inji ɗungurungum. Masu motoci a Amurka sun kai ƙara kotu a Kalifoniya, aka yi sulhu a 2015 a kan motocin 2005 zuwa 2007. BMW ma ta sha irin wannan da injinta mai silinda takwas, N63, na 2008, wanda zafi da shan mai suka dame shi har kamfanin ya kira masu shi a Amurka cikin 2014 don a canja musu wasu kayayyaki. Abin lura a nan shi ne ciwon yana hawa jirgi ya ƙetaro teku, diyyar kuwa tana tsayawa a can. Babu wanda zai aiko wa mutumin Gusau takardar sulhu.

To, an wayi gari inji ya buga. Makanike ya kwance, ya shimfiɗa kayan ciki bisa buhu, ya kira maigida. Shawarar farko ita ce a yi masa aiki: a kai karanshaf garandin, a sa sabon metal da ringi da gasket. A tsohon inji na baƙin ƙarfe wannan hanya ce sananniya, kuma takan ba da wasu shekaru. Amma gangar injinan nan na zamani alminiyon ce, cikin silindarta kuma wani haɗi ne na musamman mai sinadarin silikon, ba a rarake shi yadda ake rarake na baƙin ƙarfe. Wuraren da ke da na'ura da sanin yin wannan aiki daidai ba su da yawa, masu cewa za su iya kuwa ba su ƙirguwa. Aikin da aka yi da ƙiyasi yakan kai wata uku, sa'an nan ƙwanƙwasa ta dawo, kuɗi kuma ba su dawowa.

Saboda haka galibi sai a nufi Ladipo a Ikko, ko Nkwo ta Nnewi, a sayo inji na tokumbo. A nan ne nake so mai karatu ya tsaya ya yi tunani. Injin da ke ajiye a ƙasa cikin shago ba shi da maleji, ba shi da takarda, ba wanda ya san motar da aka ciro shi daga ciki, ko ta yi haɗari ne yana lafiya, ko shi ne ya kashe ta. Tsaran wanda ya mutu ne, shekarunsu ɗaya, kuma in na shekarun ciwon nan ne, to gargarensa ma yana kan hanya. Garantin da mai shago zai ba ka na 'yan kwanaki ne, kuma yakan fara ƙirga daga ranar da ka biya, ba ranar da aka ɗora ba. Tsugune ba ta ƙare ba, an sayar da kare an sayi biri. Bayan kuɗin inji ga kuɗin mota daga Ikko, ga na ɗorawa, ga sabon mai da filta da robobi da filogi. Tsofaffin E320 da ML320 filogi 12 suke ci, masu silinda takwas na zamaninsu 16, domin kowace silinda biyu gare ta. Ga kuma mai kwamfuta da za a kira in sabon inji da burenbos suka ƙi fahimtar juna. Wasu sukan gaji su ɗora injin Toyota ko Lexus cikin Range Rover. Motar takan tashi ta yi tafiya, amma fitilun allon gaba ba su sake mutuwa, kuma ran da za a sayar sai an yi rantsuwa.

Duk kayan nan da dala ake sayo su. A watan Mayun 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, wajen 750 a kasuwar bayan fage inda 'yan kasuwa ke saye. Da aka saki naira cikin Yuni na wannan shekara, kafin ƙarshen Fabrairun 2024 dala ta haura 1,500. Watau kayan gyaran dala 1,000 da ɗan kasuwa ke kawowa a naira 750,000 ya koma miliyan ɗaya da rabi cikin wata tara, fansho kuwa yana inda yake. Motoci da yawa da ke kan duwatsu yau lissafin gyaransu an yi shi ne da tsohon canji, mai su ya tafi haɗo kuɗi, ya dawo ya tarar kuɗin sun zama rabi.

Abin da ya fi ba ni tausayi shi ne yadda kunya ke ƙarasa abin da inji ya fara. Mutum ya shigo unguwa da babbar mota, an yi masa barka, an yi addu'a, surukai sun gani. Yanzu ya koma hawan Keke Napep? Sai ya sayar da fili ya sayi inji. Injin ya yi wata huɗu giya ta fara fizga. Sai ya ce ai na riga na kashe kaza da kaza, ba na bari yanzu ba. Wannan lissafi kuwa bai da tushe, domin kuɗin da aka kashe jiya sun tafi, ko an ci gaba ko an tsaya. Tambayar da ta rage ita ce nawa za a kashe daga yau, kuma in an gama nawa motar za ta yi a kasuwa. In gyaran ya doshi rabin kuɗin motar mai lafiya, ga giya da ƙafafu da na'urar sanyi duk tsaran injin da ya mutu suna jiran nasu layi, ni dai shawarata a kira masu yanka a yi ciniki tun jikin yana da kyau. Fitilu da ƙofofi da kujerun babbar mota suna da kuɗi yau. Bayan damina biyu a bayan gareji, ɓeraye sun ci wayoyi, an zare wannan an ari wancan, sai a kilo za a auna ta. Hanyar da ba zan ba kowa shawararta ba ita ce wadda wasu ke bi, a ɗura mai mai kauri kamar zuma don ƙwanƙwasa ta lafa, a goge fitilar gargaɗi da na'ura, a miƙa wa dillali ya nemo wani bawan Allah. Wannan ha'inci ne, ko da wane suna dillalai suka kira shi.

Ban ce kada kowa ya sayi tsohuwar babbar mota ba. Akwai masu riƙe da su shekara da shekaru lafiya lau, kuma in ka bincika za ka tarar suna da wata ƙaramar mota ta zirga-zirgar yau da kullum, da makanike ɗaya wanda ya san irin motar, da kuɗin inji ajiye a gefe tun ranar saye. Wanda kuɗin motar ne iyakar abin da ya mallaka bai shirya ba tukuna. Wanda kuma ya shirya, to ya je da sassafe ya taɓa bonet da hannunsa ya tabbata da sanyi, sa'an nan a tayar a gabansa, domin ƙarar sarƙa da ƙwanƙwasar metal a daƙiƙun farko suke fitowa, in inji ya ɗumama sai su ɓuya. Dillalin da ya riga ka tayar da mota wai don ya ɗumama maka ita, ka ce masa za ka dawo gobe. A buɗe murfin mai a duba ko akwai baƙin kunu ko farin kumfa. A zo da mai na'ura naka, ba nasu ba, ya karanta abin da kwamfuta ta riƙe, a kuma auna ƙarfin matsin kowace silinda. Lambar jikin mota mai harufa da alƙaluma 17 tana nan a gindin gilashin gaba, kuma in motar Amurka ce, da kuɗi kaɗan ake duba tarihinta a intanet, a ga malejin da ta bar can da shi, a ga ko tana cikin dubban da ambaliya ta shanye, irin ta guguwar Harvey a Texas cikin 2017.

Ga wanda tasa ke tafiya har yanzu kuwa, akwai jar fitila mai siffar buta a allon gabansa. Ran da ta kama yana kan hanya, ko allurar zafi ta haura, ya gangara gefe ya kashe inji nan take, ko da saura kilomita biyu ya isa gida, ya kira janwe. Yawancin injinan da aka shimfiɗa bisa buhu a cikin 'yan kilomitan nan na "bari in lallaɓa" suka ƙarasa. Batun giya mai canja kanta, da masu cewa wai manta ba a juye shi har abada, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.